Bargon da Ya Tsiro

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, manyan ayyuka biyu aka yi a ƙasarmu. Na farko kowa ya san shi, turawa ne suka zo da katafila da tifa suka tare gulbi. Na biyun ni na yi shi, a rumfata ta ɗinki cikin kasuwar Talatar Mafara, kuma tun da har yau babu wanda ya ga ya dace ya rubuta tarihinsa, ga shi na ɗauki biro da kaina.

Sai in fara da bayanin ilimina, don mai karatu ya san da wanda yake magana. Na yi aji uku a firamare. Ba korata aka yi ba, kamar yadda wasu ke yaɗawa. Ni da hedimasta muka zauna muka duba, muka ga abin da na samu ya ishe ni. Shi ya faɗa da bakinsa, ni kuma ba a san ni da gardama da manya ba. Na fito na iya tarawa, na iya ɗebewa, sau kuwa ina kai gidan biyar in ba a tsaya a kaina ba. A layin teloli kaf ni kaɗai ke rubuta awon mutum a takarda, sauran a bango suke zanawa da gawayi. Leburorin kamfani da direbobin tifa wurina suke kawo ɗinki, wando mai faɗin ƙafa da riga mai aljihu biyu, har na fara jin cewa babu abin da zare da allura za su yi a duniya wanda ya fi ƙarfina.

Ana nan, wata Talata taubashiyata ta iso rumfar da ƙunshi a kanta. Ɗiyar kawuna ce, tana aure a wani ƙauye ta wajen Maradun, cikin ƙauyukan da aka ce su tashi don ruwa zai rufe su in an gama madatsar. Ni ɗan mace ne, ita ɗiyar namiji, saboda haka tun muna yara ba ta da sunan da take kirana da shi sai bawanta. Muka gaisa gaisuwar kirki, ta tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa da ciwon bayan babata, ni ma na tambayi mai gidanta da yara da shanu da zancen tashi. Sai da muka sauke wannan nauyi duka, sannan ta dubi keken ɗinkina ta ce, "Wanga tsohon ƙarhe har yanzu shina motsi, ko kai ka yin ƙarar da baki?"

Na ce, "Ya ɗinka ma waɗanda sunka hi ki. Mi kinka kawo?"

Ta kwance ƙunshin. Zannuwa huɗu ne, kuma tun kafin ta buɗe su na gane su. Na kakarmu ne, wadda muke kira Tsohuwa, da ta rasu bara waccan. Akwai saƙi mai ɗigo-ɗigo, akwai baƙi rinin shuni, akwai fari mai ɗan kauri, sai wata jar atamfa da Tsohuwa ba ta ɗaurawa sai ranar Salla. Duk sun ji jiki. Gefuna sun zare, asu ya yi wa baƙin huji uku.

Ita taubashiyar tawa tana sayar da fura a bakin gidajen turawan kamfani. Can ta hango wani bargo a igiyar shanya, an ɗinka shi da ƙyalle-ƙyalle, da ƙaton tauraro mai tsini takwas a tsakiya, mai kauri kamar an cusa masa wani abu a ciki. Irinsa take so, da zannuwan Tsohuwa.

Ta ce, "Ɗakinta za shi shiga ruwa, kabarinta ma haka. Zannuwan ga ba su ɗauruwa, in na aje su asu shi ƙarasa su. Ina son abin da zan lulluɓa da shi can sabon wuri. An ce motar kwasar kaya na zuwa da hwarin damina." Ta ƙara da cewa, "Bawana, in ka sa almakashi, ka sani babu wasu. Su ke nan."

Na ce tauraro ai abu ne da nake gani kullum tun ina yaro, ba sai bature ya koya mini ba.

A lokacin takardar buhun siminti ta fi ganye yawa a gari. Na samo guda, na zana tauraro da alli, na raba shi tsini takwas, kowane tsini na sake raba shi ƙananan ƙyallaye masu siffar bakin mashi. Na yi lissafi a gefen takardar har ya cika ya gangara baya. Maƙwabcina mai sayar da gero ya leƙo ya ga lambobi, ya girgiza kai ya ce lallai boko ba ƙarya ba ne. Na yi bisimilla na sa almakashi.

Kwana tara ina haɗa ƙyallayen, ja a tsakiya, sai fari, sai saƙi, baƙi a bakin tsini. Da na haɗa tsini na takwas da na farko, na shimfiɗa aikin a kan tabarma, sai tauraron ya ƙi kwanciya. Tsakiyarsa ta tashi sama kamar malafar manomi. Na danna da hannu ta koma gefe. Na danna gefen ta dawo tsakiya. Na sa dutsen guga na gawayi, ta kwanta don ladabi, ina ɗagawa ta miƙe. Na ɗora masa buhun geron maƙwabcina ya wuni a kai, da aka ɗauke buhun sai na ga kamar ma ya ƙara tsawo.

Abin da ya faru shi ne, ƙyallayen nan da ido na yanka su, kowanne ya ɗan ɗara awonsa da abin da bai kai faɗin ƙwayar dawa ba. Ƙwayar dawa ɗaya ba komai ba ce. Amma in ka tara ta sau tsini takwas, gidan lissafin da ban kai ba ke nan, ta zama tozo.

Talata ta zagayo, taubashiyata ta zo ta tarar da shi a zaune a tabarma. Ta zagaya shi sau biyu. Ta ce, "Na ce ka yi man bargo, ban ce ka yi ma Tsohuwa hula ba."

Na ce, "Ke ba ki san aiki ba. Haka na turawan ma shike kahin shi huce."

"Awo. To in ya huce ka aiko man."

Na ɗauki reza na kwance ɗinkin nan kaf, ƙyalle bayan ƙyalle, ina lallaɓa su don tsohon saƙi ba ya son a ja shi. Na yanko gwangwanin madara na yi ma'auni guda ɗaya da ba ya lanƙwasa, na ɗora kowane ƙyalle a kai na rage shi daidai. Tauraron ya ɗan ƙanƙance, amma da na sake haɗa shi ya kwanta lif. Na zagaye shi da farin alawayyo, na yi masa baki da ragowar baƙin zanen. Ban bar ko tafin hannu na zannuwan Tsohuwa ba, duk sun shige. A nan da na tsaya na nemi shawara, da wannan labari ya ƙare da mutuncina.

Saura cikin bargon. Wani abokina manomi daga Dakko ya ji ina neman auduga, ya kawo mini rabin buhu kyauta cikin wadda ya ajiye wa matansa don kaɗi. Auduga ce yadda aka tsinko ta daga gona, da anguryarta a ciki. Kada mai karatu ya ɗauka ban san auduga tana da ƙwaya ba. Na sani. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ga mata suna gurza, sun miƙe ƙafa, suna murza ɗan ƙarfe a kan dutse angurya na faɗuwa gefe, sannan su shiɓe audugar da ɗan baka har ta tashi kamar kumfa. Matsalar ita ce aikin mata ne, kuma macen da zan kai wa ita ce mai ɗakina, wadda tun ranar da ta ji labarin malafar nan take tambayata kowace safiya ko tauraro ya huce. Na riga na gaya mata cewa wannan aiki ne na lissafi, ba na masu tuƙa tuwo ba. Da wane baki zan shigo mata da buhu?

Sai na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. Me ake nema a bargo? Ɗumi. Me ke kawo ɗumi? Nauyi. Me ya fi nauyi a cikin auduga? Angurya. Ashe mata tun zamanin kakanni suna zubar da mafi amfanin abin, babu wanda ya yi aji uku balle ya gaya musu. Na shimfiɗa audugar yadda take tsakanin tauraro da bayansa, na ɗauki basilla na bi layi-layi ina kafe ta. Basilla biyu na karya a kan angurya. Na ɗauki wannan a matsayin shaidar ƙarfin aiki.

Na gama ranar wata Laraba, an riga an yi ruwan shuka. Wata biyu bargon yana hannuna, ya sha man keke da gumi da ƙasar kasuwa, farin ya koma kalar kunu. Na ce ba zan miƙa aiki da dauɗa ba. Na kai shi tafkin bayan gari na wanke da sabulu, na ɗauko shi da ƙyar don ya sha ruwa ya yi nauyin ɗan maraƙi. Na shanya. Kafin la'asar hadari ya haɗu, aka shiga marka, kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba. Gudun kada mai ɗakina ta taɓa ta ji ƙwayoyi, sai na ninke shi da danshinsa, na cusa a buhun da audugar ta zo, na tura ƙarƙashin teburin rumfa, jikin kwanon da aka kewaye ta da shi, inda yake da ɗumi.

Tun ranar Lahadi na lura akuyar maƙwabcina mai gero ta ƙaunace ni. Dabbar da ba ta taɓa kallona ba, yanzu ta zo ta tsaya bakin rumfa tana shinshina, in na kore ta ta zagayo ta baya. Na ce ko dabba ta san inda ake aikin kirki.

Ranar Talata taubashiyata ta zo, ta ce an sa musu rana, mota za ta zo Alhamis ta sama. Na ce ta zauna ta gyara idonta. Na jawo buhun, na ji yana da zafi kamar an ajiye tuwo a ciki, wani wari kuma ya taso irin na hatsin da aka jiƙa aka manta. Na zazzage shi a tabarma na warware.

Bargon ya tsiro. Ta kowane layin basilla, ta kowace mahaɗar ƙyalle, fararen tsirrai sun leƙo, wasu sun lanƙwasa wuya, wasu sun ɗago kai da ɓawon angurya a bisa kamar sun sa tagiya. Tsakiyar tauraron, wurin jar atamfar Salla, nan shukar ta fi kyau. Ni manomi ne ɗan manomi, kuma ina faɗa da gaskiya, ban taɓa samun tsiro mai kyan wannan a gonata ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Bawana."

Na ce, "Na'am."

"An amshe muna gona, shi na kab biya ni da wagga? Yaushe za mu yi noman hwari?"

Mai gero ya leƙo, ya kira mai goro, mai goro ya kira na kusa da shi. Wani ya ce a sa taki. Wani ya tambaya ko zan ba da haya. Ina cikin yi musu bayani cewa a ƙasashen da suka ci gaba ma ana samun irin haka, babu wanda ya lura da akuyar. Sai ƙarar yagewa muka ji. Ta kama tsini ɗaya na tauraron, wurin saƙi da baƙi, inda danshi ya riga ya cinye ƙarfin zaren, ta fizge kusan tafin hannu biyu, ta fita da gudu tana tauna.

Dariyar ta tsaya. Taubashiyata ta durƙusa ta sa yatsa a ramin, ta shafa bakin yagewar. Ba ta zage ni ba. Tun da nake da ita ban taɓa yin laifi ta rasa abin faɗa ba sai ranar, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ta ce, a hankali, "Na gaya maka babu wasu."

Na naɗe bargon na saɓa a kafaɗa, na rufe rumfa da rana tsaka ranar kasuwa, na ce ta biyo ni gida.

Mai ɗakina tana tsakar gida tana tankaɗe. Na ajiye kayan a gabanta na buɗe. Ta dubi tsiron, ta dube ni, ta dubi taubashiyata, ta ga fuskarta, sai ta haɗiye abin da ya zo mata baki. Na san ta haɗiye ne kawai, ba ta yafe ba, don daga baya ta fito da shi kashi-kashi har tsawon shekaru. Abin da ta ce a lokacin shi ne, "Malam, kawo reza. In ya ƙara kwana da ruwan ga ciki, dut ruɓewa za shi yi."

Mu uku muka zauna muka kwance layukan basilla. Muka zare audugar da ta tsiro, baƙa-baƙa, mai yauƙi, muka zubar a bayan gida. Su biyun suka wanke tauraron da hannu kamar ana wanke jariri, suka shanya a ɗakin girki kusa da murhu. Farin ya samu ɗigo-ɗigon tabo ruwan ƙasa wanda har yau bai fita ba. Sauran ya tsira.

Da safe mai ɗakina ta aro auduga wurin maƙwabta, ta fito da dutsen gurza da ƙarfensa ta ajiye a gabana. Na ce mene ne wannan. Ta ce, "Aikin masu tuƙa tuwo na. Mu muna da tuwon tuƙawa."

Haka na zauna a tsakar gidana, magidanci mai aji uku, na miƙe ƙafa ina gurza. Aikin da nake gani kamar wasa, ashe in ka danna da ƙarfi angurya ta fashe ta ɓata audugar, in ka sassauta ƙarfen ya bi ta kai ya wuce. Taubashiyata, wadda ta kwana a gidanmu, ta zauna a kan turmi tana duba ni. Bakinta ya fara dawowa.

"Miƙe bayanki, amarya. Haka anka koya maki gidanku?"

Na ji daɗin zagin nan har cikin raina, amma ban nuna ba. Na ce, "Ki bari in gama, in ɗinke maki baki da basilla."

Kwana biyu ina gurza, hannuwana suka yi kanta. Shiɓa kam sun hana ni, sun ce bakan aro ne. Suka shiɓe audugar ta tashi fara sol, ba nauyi, ba ƙwaya.

Saura ramin da akuya ta bari. Na fito da duk ƙyallayen rumfata, babu wanda ya yi kama, kuma taubashiyata ta ce ba za a sa wa Tsohuwa ragowar wandon direba ba. Muna cikin haka mai ɗakina ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wani majanyi fari mai ratsin shuɗi. Tsohuwa ce ta kaɗa zarensa da hannunta ta ba masaƙi, ta kawo mata ranar sunan ɗanmu na fari. Da shi ta goya 'ya'yanmu duka. Ni na ma manta da shi.

Taubashiyata ta ce, "A'a, wanga naki na."

Mai ɗakina ta ce, "Na gama goyo. Yanka, Malam. Amma da gwangwanin, ba da ilimi ba."

Na yanka da gwangwanin. Tsinin nan ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa bakwai, fari da shuɗi a inda ya kamata a ga saƙi da baƙi. Muka shimfiɗa audugar, muka kafe ta mu uku, kowa da basillarsa, layin mai ɗakina ya fi nawa miƙewa, abin da na danganta da cewa ita ta zauna wajen haske. Muka gama ranar Talata, saura kwana biyu mota ta zo.

Taubashiyata ba ta karɓa haka nan ba. Ta shimfiɗa shi a tsakar gida, ta bi shi da tafin hannu taƙi bayan taƙi, tana latsawa kamar mai sayen akuya. Ta wuce tsakiya, ta wuce tsini bakwai, ta tsaya kan na majanyin ta ɗan jima, ta wuce. Ina shirin yin hamdala sai hannunta ya tsaya a kusurwa ɗaya. Ta murza da yatsa biyu. Fuskarta ta washe.

Angurya ce, ƙwaya ɗaya tak, ta kuɓuce mini wajen gurza.

Na miƙa hannu na ɗauko reza na ce ɗinki biyu kawai zan kwance in fitar da ita. Ta janye bargon ta rungume. Ta ce, "Ka taɓa ta in karya maka hannu. In na ba da labarin ga can sabon gari, wa za shi yarda in ba shaida?"

Ranar Alhamis na je na taya su loda kaya. Ta hau bayan motar ta zauna kan buhunan hatsi, ta lulluɓa da bargon, ga rana ta buɗe bayan marka, zafi kamar me, gumi na zuba mata, ta ƙi cirewa.

Yanzu daga ni har ita gora muke dogarawa. Bargon yana nan a gadonta, ya koɗe, an yi masa faci wajen uku, ba kuma ni aka kawo wa facin ba. Duk ranar da na je gaishe ta, in mun gama gaisuwa ta tambayi gida da iyali da ciwon gwiwa, sai ta duba ko da baƙo a ɗakin. In akwai, ta kama yatsana ta kai kusurwar nan ta danna, ta ce wa baƙon ya matso ya ji abin da bawanta ya shuka.